Ruwan Tulun Sabo Soja

Malam Labaran na tsaye a kan turmin da ya kife, haɓarsa bisa katanga, yana leƙen tsakar gidan maƙwabcinsa, sai turmin ya goce. Ya rungumi katangar da hannu biyu, hularsa ta faɗa can ɗaya gidan.

"Malam, in ka karye ba zan ce daga kan turmi ka faɗo ba," in ji matarsa Lauratu, tana tankaɗe. "Cewa zan yi Besfa ce ta kayar da kai, don mutuncinka."

"Ana lalata miki ɗa, ke kina tankaɗe."

A can gidan, yaran unguwa sun yi sahu cikin farin yadi, suna naushin iska suna ihu. Har da Junaidu, ɗan Labaran, yaron da a bara ko bunsuru ya tare masa lungu sai ya juya gida da kuka. Mai koya musu shi ne Sabo Soja, wanda tun da aka gama yaƙin basasa ya sauka Tudun Wada da ɗingishi da wani wasa da ya ce sunansa karate. Ba mata, ba ɗa, ba dangi a Zariya. A shekarar da kowa ke shagalin ƙarin albashin Udoji, har Labaran, akawu a unguwar Kongo, ya yi Besfa da rediyo da ɗan tumbi, shi Sabo katako yake saye yara su farfasa. Wannan kaɗai ya isa a zargi mutum.

Labaran kuwa da idonsa ya ga Junaidu ya raba katako biyu da hannu. Shi ba yaro ba ne, ya san abin da ke sa tsoka ta gagari itace da ƙarfe: maganin tauri. Ya kuma gano inda ake ba su. Da an tashi wasa Sabo kan ɗebo musu wani ruwa ja-ja daga tulun da ke gindin dalbejiya, su bi layi suna sha. Har ya kai wa mai unguwa magana, an tsayar ran Juma'a za a hana wasan, daga ranar kuma Junaidu zai bar taka gidan.

Yana cikin kakkaɓe gwiwa sai ga Junaidu da hular.

"Baba, Malam Sabo ya ce ga hularka. Ya ce don Allah ka shigo ta ƙofa."

Lauratu ta sunkuyar da kai cikin rariya, kafaɗunta na rawa.

Daga kan katanga Labaran bai lura ba. Sai da ya zauna kusa da Sabo a zaurensa ya ga mutumin ya ƙare, wuya kamar tsinken tsire, tari na turnuƙe shi, yana ɓoye ƙyallen da yake tofawa a ciki.

"Malam Labaran, asibiti sun sallame ni, kuma ba sallamar sauƙi ba. Ina roƙon alfarma. In ta Allah ta kasance, kai za ka yi mini wanka."

Gaban Labaran ya faɗi. Ya sha jin cewa mai tauri ba ya cikawa sai ya sami wanda zai sauke wa kayansa.

"Me ya sa ni?"

"Duk Tudun Wada ba wanda ya damu da ni kamarka. Kullum in na ɗaga kai ina ganinka."

Labaran ya gyara zama, ya yi gyaran murya. "To tunda mun zo nan, ka ji tsoron Allah ka faɗa mini. Me ke cikin tulun nan?"

"Tsamiya. Ran da na samu, da ɗan sukari."

"Kowane mai magani haka yake cewa."

Sabo ya yi dariya har ta koma tari. "Katakon ne ya dame ka? Je ka dubi buhun yashin can, ka ga yadda ɗanka ya lotsa shi tun damina. Ni tsayuwa nake koya musu, Malam. Yaro ya san inda ƙafarsa take. Katakon don su ji daɗi ne."

Labaran ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya tashi bai ce e ba, bai ce a'a ba. A gida ya wanke hannu har gwiwar hannu, don sun gaisa.

Ran Alhamis da hantsi Sabo ya cika, wata tsohuwa mai kai masa koko ce ta tarar. Haƙƙin maƙwabtaka ba ya jiran ra'ayi, Labaran ya naɗe hannun riga, liman na zuba masa ruwa. Yana wanke shi yana bincike. Ya duba ƙugu, ba guru. Ya duba damtse, ba kambu. Ya bi baya da ƙirji yana neman tsaga irin ta masu magani, bai ga komai ba sai tabon harsashi a cinya da kanta baƙa a gaɓoɓin yatsu. Da suka ɗaga shi, ko nauyin buhun dusa bai kai ba.

"Malam Labaran, wani abu ka yar?" in ji liman, ganin ya ɗaga matashi yana leƙawa.

"A'a, Allah gafarta Malam."

Gaskiyar magana, ya ɗan ji haushi. Mutum ya yi wata da watanni yana hawa turmi, a ce ko laya ɗaya babu. A hanyar maƙabarta ya lallashi kansa da cewa wataƙila haɗiyewa ya yi.

Bayan an dawo mai unguwa ya danƙa wa Labaran makullin gidan Sabo. "Allah ya raba gardama. Ka garƙame gidan har danginsa su zo daga Birnin Gwari."

Washegari da la'asar ya fito zai tayar da Besfa, ya tarar da yaran a ƙofar Sabo, kowa da farin yadinsa a hammata. Junaidu ya fito daga cikinsu.

"Baba, a buɗe mana."

"A buɗe muku ku yi me? Wa zai koya muku?"

"Ya ce in ba ya nan mu maimaita na baya."

"Ka san da wa kake magana?"

"Na sani, Baba." Yaron bai ja da baya ba.

Labaran ya dubi lungu dama da hagu, ko akwai mai kai wa mai unguwa labari, sai ya tuna duk unguwar shi ne mai wannan aikin. Ya laluba aljihu.

"Bincike zan yi," ya ce, yana kokawa da kwaɗon. "Kada wani ya ɗauka na yarda ne."

Suka shige ɗaya bayan ɗaya, kowa na tuɓe silifas a bakin zaure. Shi ya tsaya daga waje, makullin a hannu. Can ciki wata siririyar murya ta fara ba da umarni. Silifas ɗin sun yi layi a jikin bango, sai guda ɗaya ƙarami da ya kife. Labaran ya sa yatsan ƙafa ya birkice shi, ya tura shi kusa da ɗan'uwansa.