Suna da Rai, Ba Sa Motsi

…kuma ko ɗaya ba ya motsi. Hafiza tana ɗago ido daga madubin ɗakin gwaji, ta murza, ta sake duƙawa. Ga su nan birjik a kan gilashi, ƙwayoyin maniyyin wani bawan Allah. Kai lafiya, wuya lafiya, wutsiya a miƙe, amma tsit. Sanyi ne ya kama su a hanya? Ina. Dorcas ta ce a cikin rigarta ta ɗumamo kwalbar daga ɗakin gwajinsu na Ɗan Iya, da yake madubinsu ya lalace. Keke guda, ko minti ashirin ba a yi ba.

A ɗiga jan rini. Matacciyar ƙwaya takan sha ta yi ja, mai rai ba ta sha. Fari… fari… wannan ma fari. Wayyo, da ransu. Tafiyar ce babu.

A wutsiyar abin yake. Cikin kowace akwai siraran zarurruka a jere, da ƴan mitsi-mitsin hannuwa masu jan su — wannan ya ja, wancan ya saki, wutsiya ta kaɗa, ƙwaya ta yi iyo ta cim ma ƙwan mace. Wani kuwa haka ake haihuwarsa, ba hannuwan. Ba ci ne ya jawo ba, ba sammu ba ne, ba laifin kowa. Malaminsu a makaranta yakan ce, mai irin wannan ku tambaye shi tari, don irin zaren ne a ƴan gasun da ke share majina daga ƙirji…

Tari.

Waye mai kwalbar ma? Joel, in ji takarda. Joel kawai. Haka maza suke yi, kunya ta sa su ari sunan maƙwabci, ba ta taɓa ganin laifinsu ba. Sai lambar wayar da za a tura wa sakamako. Sifili, takwas — ido bai kai ƙarshe ba, baki ya ƙarasa. Lambar da ta haddace tun kafin a kawo lefe.

Kai, Nasiru. Ka ari sunan Joel mai shago kusa da naka a Muda Lawal, ka guje wa wurin aikin matarka har Ɗan Iya, sannan ka rubuta lambarka da hannunka? Ko ƙaryar ma ba ka iya ba.

Citta, kanumfari, zuma take dafa masa saboda tarinsa, kowace safiya, shekara bakwai. “Murar nan tun yana goye,” in ji Inna, mahaifiyarsa. Innar da ke aiko jarka bayan jarka, sassaƙe da saiwa, ɗaci har ƙwaƙwalwa. “Shanye, ƴar nan, mahaifarki ce ta yi sanyi.” Ta shanye. Da karatunta da komai ta shanye, don a zauna lafiya. Gidan suna a Gwallaga, a miƙo mata jariri, Allah ya kawo naki — amin, amin — mata suna satar kallon cikinta. Sau nawa ta ce wa Nasiru mu je a duba mu tare? “Haihuwa ta Allah ce, Hafiza.”

To ai ya je. Shi kaɗai, da sunan aro, wataƙila gabansa na faɗuwa. Tausayinsa ya kama ta. Za ta zaunar da shi ta ce ba kai ka yi kanka ba, kuma tunda da ransu akwai inda ake ɗaukar ƙwaya ɗaya a sa ta cikin ƙwai da allura, nesa ne, wahala ce, amma…

Mene ne wannan a ƙasan takardar? Rubutun Dorcas. Gwaji na uku. Biyun baya duk haka, ba motsi. Na farkon — shekara biyu ke nan.

Shekara biyu.

Jarka nawa ke nan? Bara da aka busa mata mahaifa a asibiti ta fito a duƙe, ta tarar da shi a benci idonsa jawur. Ta ɗauka tausayi ne. Har ita ce mai lallashi, kada ka damu, zan warke in haifa maka. Ya sani a lokacin? Ya sani. Gobe ma ƙarfe takwas za a sake, shi ya ce zai kai ta a kan babur.

Haushi take nema, wallahi nema take, sai gajiya ke zuwa.

“Anti Hafiza, mutumin yana jiran sakamako fa,” Dorcas daga bakin ƙofa.

Wataƙila lamba ɗaya ta bambanta. Bakwai ce ko ɗaya? Mutane suna kuskure ai… Tana danna lambobin a wayarta ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar ba ta san su ba. Kafin ta kai ta ƙarshe suna ya fito, wanda ta sa masa tun satin biki, ba ta taɓa canzawa ba.

Abban Yara.