Saura Kwana Goma Sha Biyu Ta Fita Takaba

Tun da gara ta cinye azarar gidan hayarsa na Mandawari, hankalin Malam Gwadabe bai sake kwanciya ba. Garba magini ya hau ya duba, ya sauko yana karkaɗe hannu, ya ce rufin nan ruwan sama ɗaya yake jira. 'Yan haya uku suka kwashe kayansu suka koma wajen dangi suna gunaguni, aka yaye rufin ɗakunansu. Saura Hafsat.

Hafsat takaba take yi. A ɗakin nan mijinta ya rasu, ta kuma ce ba ta kwana a wani gida sai ta cika wata huɗu da kwana goma. Saura kwana goma sha biyu. Gwadabe ya kawo mata maganar limamin unguwa, cewa lalura ta halatta mata tashi. Daga bayan labule ta amsa cewa ta ji, ta gode, amma tana nan. Mutanen unguwa kuwa, da ba a raba su da tsegumi, har sun fara cewa mai gida zai kori mai takaba ya zuba sababbin 'yan haya. Abin ya ƙona masa rai.

Ranar Talata da azahar hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Gwadabe ya sa aka share zaure, aka toshe ƙofarsa ta waje da kwano, ma'aikata suka fasa katangar baya don shige da fice. Ya roƙi Hafsat ta koma can, ya ce zaure ai cikin gidan yake, ba ta fita ko'ina ba. Hafsat ta ce ita ba baƙuwa ba ce da za ta zauna a zaure.

Tsoro ya kama shi sosai. Ya aika aka kira yayarsa 'Yardada, tsohuwa mai ciwon gwiwa da taurin kai. Ita ba ta yi wa Hafsat wa'azi ba. Tabarma ta shimfiɗa daidai ƙarƙashin tsagar rufin, ta miƙe ƙafa, ƙasa na zubo mata a ɗankwali.

"Iya, don Allah ki tashi daga nan," in ji Hafsat.

"Tare za mu tashi, 'yar nan, ko kuma tare a tono mu."

Iska ta taso. Gwadabe na tsaye a tsakar gida. Can sai ga Hafsat ta fito, hannu ɗaya riƙe da tsohuwar, ɗayan riƙe da hular mijinta, suka nufi zaure.

Ruwan ya zuba, ɗakin bai faɗi ba. Da safe Garba ya kama azarar farko zai ɗaga, ta marmashe a hannunsa kamar busasshen tuwo. Hafsat na kallo daga bakin zaure. Ta kifa fuskarta a cikin hular ta fashe da kuka.