Kewar Jirgin Fito

Tun da aka buɗe gada tsakanin tsibirinsu da gari, jirgin fiton da Oddvar Brekke ya tsufa yana tuƙawa ya daina aiki. Matarsa kuma ta riga ta rasu. Kullum da safe sai ya sa hularsa ta aiki, ya je bakin ruwa ya tsaya har yamma. Ko abinci ba ya ci sosai. Da 'yarsa Torunn ta ga yadda ya rame, sai ta kai shi asibitin masu damuwa, aka sa shi cikin masu zuwa kowace safiya su koma gida da rana.

A zagaye suke zama, kowa da abin da yake kewa. Shi Oddvar ba shi da zance sai jirgi: ƙamshin kofi da waina, 'yan makaranta suna rige-rigen kujerar taga, amaren da ya ƙetarar.

Wata rana likitarsu Ragnhild ta ce, "Oddvar, ba mu labarin rana ɗaya marar daɗi a jirgin nan."

"Ai babu ita."

Aslaug, wata tsohuwa mai kewar masana'antar kifin da aka rufe, ta tuntsire da dariya. "Kai dattijo, ji tsoron Allah! Na sha hawa akwalar nan taka. Kofinku kamar ruwan wanki, ga amai har bakin ƙofa."

"Akwala? Ke da warin kifinki ke korar mini fasinjoji!"

Kowa ya yi dariya, har shi. Can sai ya sunkuyar da kai. Ya ce ranar da aka haifi Torunn guguwa ta tsare shi a ƙetare, matarsa ta haihu ba ya nan. Ya zauna a jirgi yana zagin teku, yana cewa ina ma da gada.

Da Torunn ta zo ɗaukarsa, ya ba ta labarin a mota.

Ta ce, "Ai Mama ta gaya mini, Baba. Ta ce ka shigo a jiƙe sharkaf, ka fi ni kuka."

Kewar ba ta sake shi gaba ɗaya ba. Amma ranar ya cinye miyar kifinsa, har ya nemi ƙari.