Tawadar Gawayi don Fuskar Bai Marin

Ranar da fuskar Bai Marin ta koma koriya a jikin ƙofar gidansa, duk layin ya sani kafin matarsa ta sani. Haka mutanen garin Tryavna suke: ba mai faɗa maka, sai dai ka ga ana rage tafiya a ƙofar gidanka. Takardar rasuwa ce irin wadda ake mannawa a ƙofa da bangon coci, hoton mamaci a sama, sunansa a ƙasa. Ko wata guda ba ta yi ba rana ta cinye ta. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sassaƙar katako, ba a taɓa jin kansa da kowa ba, ga shi ya zama kalar ganyen kabeji.

Nevena mai hoto ce ta buga takardar, kuma abin ya tsaya mata a rai. Ta tsufa tana wanke hotuna a ɗaki mai duhu, har warin magungunan ya taɓa mata ƙirji, likita ya ce ta haƙura. Shi ne ta sayi firinta. Ita kuwa firintar, da tawadar kamfaninta, ba ta san toka-toka ba. In an ce ta yi baƙi da fari sai ta gauraya shuɗi da ja da ɗorawa ta yi wa ido wayo. A cikin shago abin gwanin kyau. A waje rana ta fara lashe jan, sauran su tona asiri.

Velika, matar mamacin, ta shigo shagon da baƙin ɗankwalinta, ta ƙi zama.

"Ba faɗa na zo yi ba, 'yar'uwa," in ji ta. "Asabar ta sama ce sadakar arba'in. Danginsa za su zo daga Gabrovo. Shi nake so su tarar a ƙofa, ba wancan ba."

Da ma zagi ta yi, da ya fi wa Nevena sauƙi. Kunya ta rufe ta, ta ce kawai, "Za su tarar da shi."

Akwai wani mutum a Ruse da masu hoto ke maganarsa, yana haɗa tawada da gawayi zalla, kwalba shida, daga baƙi ƙirin har wadda ta kusa zama ruwa. Gawayi ba ya tsoron rana. Ta yi waya, kwalaben suka iso a motar haya. Mijinta Stoycho, tsohon direban bas wanda tun da ya yi ritaya ya zama masanin komai, ya ɗaga ɗaya yana hange.

"Wannan da wani ya dama a garejinsa za ki ɗura wa na'urar? Kamfani ya ce da kin sa tawadar wani, ba ruwansa da ke."

"Da yake da ruwa da ni, me ya tsinana mini?"

"In ta toshe kada ki kira ni."

"Yaushe na taɓa kiranka, tsoho? Kai kake kawo kanka. Matsa, ka tare mini haske."

Sai dai Nevena akwai gaggawa, halinta ne tun tana budurwa. An ce mata a wanke hanyoyin tawada tas kafin a zuba sabuwa, ita kuwa ta yi musu wankin je-ka-na-yi-ka ta cika da sirinji. Hoton farko ya fito da zane-zanen ɗorawa a goshin Bai Marin. Na biyu ko rabi bai kai ba, tsohuwar tawada da sabuwa suka cure, kan firintar ya toshe. Ranar Alhamis ce. Ta zauna ta yi tagumi, hankalinta ya tashi sosai, don ta ga alƙawarin da ta ɗauka yana shirin zubewa.

Stoycho ya dube ta. Ya naɗe hannun riga.

"Miƙo sirinjin. Na busa bututun mai a tsakiyar ƙanƙara, wannan ɗan abin ne zai gagare ni?"

Suka wuni suna tura ruwan wanki ta hanya ɗaya bayan ɗaya, yatsunsu baƙi kamar na masu sayar da gawayi, yana mita tana ramawa. Washegari da hantsi ruwan ya fara fita garau. Ta sake cikawa, ta sa takarda marar ƙyalli, ta juya baya don ba ta iya kallo.

"Ke," in ji Stoycho a hankali. "Zo ki ga Marin."

Shi ne kuwa. Baƙin yana ɗan ja zuwa ruwan ƙasa, irin na hotunan da. Kowace furfura a gashin bakinsa ta fito da kanta. Nevena ce ta ɗauki hoton wata rana a bakin rumfar aikinsa, bayansa duhu. Tsohuwar tawada ta rufe duk abin da ke cikin duhun nan, sabuwar kuwa ta buɗe shi. Ga kurfi da guduma a rataye, ga kuma, a kan kafaɗarsa ta dama, hannun mace da zoben aure. Velika ce a tsaye cikin inuwa, fuskarta ba ta shiga ba.

Murnar Nevena ta koma ciki. A layinsu ba a sa mai rai a takardar mamaci, ko da gefen rigarsa ne, tsofaffi su ce kiran mutum lahira ake yi. Ta shafe hannun a kwamfuta ta buga wani, ta kwashi biyun ta tsallaka titi.

Ta tarar da Velika tana dafa alkamar sadakar arba'in, gidan duk tururi. Ta shimfiɗa mata hotunan a tebur.

"Wannan na ƙofa ne. Wannan kuma naki, ki ajiye a ɗaki. Ban san kina ciki ba, sai da tawadar ta fito da ke."

Velika ta goge hannu da zani, ta daɗe tana kallon mai hannun. Hawaye suka zo, amma dariya ta riga su.

"Gyara masa kwala nake. Kullum a karkace take, kullum sai na gyara." Ta tura wanda aka shafe gefe. "Wannan za ki buga mini na ƙofa, mai hannun."

"Kin san bakin dangin miji. Za su ce kin kira wa kanki mutuwa."

"Su ce. Ba inda za ni, ina da tumatir a lambu da jika a hanya. Amma tun da aka binne shi nake ganinsa shi kaɗai a ƙofar nan, rana ta doke shi, ruwa ya doke shi. Wannan tawadar ba ta koɗewa?"

"Gawayi ne. Sai dai takardar ta gaji."

"To bar hannuna a inda yake."