Gaisuwar da Gimba Ya Kai Gidan Yona

A shekarun nan na tamanin, tsofaffin ma'aikatan reluwe suna da majalisa a gindin wani mangwaro a unguwar Barkin Sale ta Minna, kuma babu maganar da ta fi ƙarfinsu. Ranar da rediyo ya kawo muhawarar ko a mai da broka, Turancin nan na kasuwa, harshen ƙasa, sai da kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Gimba, tsohon direban jirgi, ya fi kowa zafi. Ya ce da broka ana cinikin doya, ana zagin kwandasta, amma ba a neman aure da shi, ba a ta'aziyya da shi. Da ya ga ana dariya sai bakinsa ya zarce, ya ce ai yaren 'yan tasha ne da matan bariki.

Yona bai yi dariya ba. Shi ne mai zuba wa Gimba kwal a inji tun suna samari, sun sha hayaƙi ɗaya daga Minna zuwa Baro har ba sa iya ƙirgawa. Matarsa Rebecca 'yar Sapele ce, can kudu. Ba ta jin Gbagyi, shi ba ya jin yarenta, Hausarta kuwa ta cefane ce kawai. Da broka ya nemi aurenta, da shi suka reni 'ya'ya, da shi suke faɗa su shirya. Ya ɗauki kujerarsa ya tafi, bai sake dawowa ba.

Gimba ya san abin da ya yi tun kafin Yona ya sha kwana. Kullum sai ya ce gobe zai je. Yana cikin goben nan damina ta wuce, aka wayi gari Rebecca ta rasu.

Da Gimba ya je gidan Yona, ya tarar da rumfa a ƙofar gida, matan coci suna waƙa a ciki. Ya durƙusa gaban Yona ya jero gaisuwa yadda aka saba: ya haƙuri, ya aka ji da rashi, Allah ya ba da dangana. Yona ya amsa kowace ɗaya daidai, idonsa a ƙasa, kamar yadda ya amsa wa mai gyaran keken unguwa da ya gabace shi. Gaisuwa ta ƙare. Abin da ya rage shi ne ya miƙe ya ba na bayansa wuri, kuma Gimba ya san in ya miƙe haka, shi ke nan tsakaninsu.

Sai ya ga kwano a rufe gefen benci, ƙuda na zagaya shi. Leɓɓan Yona sun bushe. Duk jama'ar nan sun ba shi haƙuri, babu wanda ya iya sa shi cin abinci. Gimba ya tuna Rebecca a bakin dandamalin tasha da kwanon sakwara a ka, jirgi bai gama tsayawa ba tana ɗaga murya tana kiran su biyun su sauko su ci.

Ya jawo kwanon ya buɗe. Harshen broka ya yi masa nauyi a baki, amma ya kira shi cin abinci yadda take faɗa.

"Yona, kom cop."

Yona ya ɗago ya dube shi ya daɗe.

"Har yanzu ba ka iya ba," in ji shi. "Ita ma ta sha faɗa, duk reluwe babu mai broka mara daɗi irin naka."

"Ta faɗa mini a gabana ma."

Yona ya matsa ya ba shi gefen benci, ya sa aka kawo ruwan wanke hannu. Suna ci yana ba shi labarin kwanakinta na asibiti, duk da broka, a hankali, kamar mai tsoron kada ya ƙare. Rabi Gimba ya gane, rabi ya wuce shi. Bai ce a maimaita ba, kuma bai tashi ba sai da kwanon ya koma wayam.