Tafkin da Ya Yi Ƙwannafi

Kwana huɗu ana ruwan sama, a na biyar kifayen Baba suka fara tasowa suna buɗe baki. Bakwai sun riga sun juya ciki sama. Auta, wadda ke aiki a ɗakin gwajin ruwa, ta tsoma 'yar takardar gwajinta a tafkin, ta fito da ita jajir.

"Ruwan ne ya yi tsami, Baba. Garin alli yake so."

Kafin ta wanke hannu, Baba ya kira ƙanen Mama, magini, ya iso da buhu a bayan babur. Yana saukewa yana taunar ƙwayar maganin ƙwannafi, kamar kullum.

"Ga fari nan, 'yar boko. Da shi muke shafe bango."

Auta ba mai yawan magana ba ce, amma ta ɗora ƙafa a bakin buhun.

"Kawu, ba wannan ba."

"Ikon Allah! Fari ai fari ne. Tun ba a haife ki ba nake kwaɓa shi."

Baba ya dubi kifin da ke shure-shure, ya dubi shebur.

"Auta, lokaci fa na tafiya."

Ta ɗebi garin a gwangwanin madara, ta zuba ruwa kaɗan, ta miƙa wa Kawu. Ya riƙe yana murmushi. Can gwangwanin ya fara huci, ya dire shi yana yarfe yatsu.

"Naka an gasa shi a wuta, Kawu, shi ya sa yake ƙuna. In ya shiga tafkin nan, har 'yan ƙananan ba za su kai la'asar ba. Ɗanyen nake so, irin wanda ke bakinka."

"Bakina?"

"Ƙwayar da kake tauna. Alli ne, yana kashe tsamin ciki a hankali. Tafkin ma ƙwannafi yake yi."

"To ƙwaya nawa zai sha? Ni dai shida suka rage min, kuma ba na bayarwa."

Mama, da ke leƙe daga ɗakin kaji, ta tuntsire da dariya. Ganinta ya tuna wa Auta garin dutsen da Mama take haɗa wa kaji a abinci don ɓawon ƙwai ya yi ƙwari. Ta jawo buhun garin kajin, ta matsa lemon tsami a kan ɗan kaɗan. Ya yi kumfa, alamar alli ne. Ta ɗebi wani ta zuba masa ruwa, ta sa yatsa: sanyi ƙalau.

"Wannan ne."

Ta auna da kwano, Baba ya bi gefen tafkin yana watsawa yadda ta nuna masa. Kifi biyu suka ƙara mutuwa a ranar. Washegari jan takardar ya dushe, kifayen suka koma ƙasa, da aka watsa abinci kuwa ruwan ya hau tafasa da wawaso.

Kawu ya zo ɗaukar buhunsa. Ya tsaya ya daɗe yana kallon kifayen, sannan ya ɓare ƙwaya ɗaya ya jefa baki.

"Ashe shekara goma abincin kaji nake saya a kemis."