Yara Tara a Littafin Laifi

"Ba zan sa hannu ba, yallaɓai."

Hedimasta ya ɗago kai ya dube ni kamar kujerar ofishinsa ce ta yi magana.

Dokar makarantarmu ita ce, duk yaron da sunansa ya shiga littafin laifi sau uku, kora ce, kuma na ukun sai malamin ajinsa ya sa hannu. Ita kuwa hukumar ilimi ta ce makarantar da ɗalibanta suka fi cin jarrabawa za a gyara wa rufi, a ba ta benci. Saura wata biyu jarrabawa, sai ga sunayen yara tara daga ajina a littafin karo na uku, duk masu zuwa na ƙarshe. Wannan surutu, wancan rashin safa.

"Malama, yara casa'in ne a ajinki, benci sha biyu," in ji shi. "Tara su tafi, sauran su sami wurin zama. Ke da kika yi jami'a, wannan lissafin ya fi ƙarfinki?"

"Yarinyar nan da aka rubuta wa surutu, shekara guda ban taɓa jin muryarta ba. Da wa ta yi surutun?"

"To, Mai Digiri. Je ki."

Washegari jadawali ya canja. Darussan malamai biyu da suka yi ritaya aka lafta min, takwas a rana, ba hutu. Aka mai da ajina ɗakin ƙarshe, kusa da masai, wanda rabin kwanonsa ya yaye. Alli ma sai na rubuta takardar roƙo. Na daina roƙo, na koma rubutu da gawayi a jikin bango.

Idan na shiga ɗakin malamai, malamin lissafi ne ke fara tarbata.

"Ga uwar marayu nan, ku ba ta kujera."

"Wace kujera?" in ji wata. "Ai ita ta hana a kawo."

Nakan zauna in buɗe littattafan yara, in yi maki, ko ɗago kai ba na yi.

Da ni na ƙi lanƙwasuwa, sai aka juya kan yaran. Kullum da safe a fito da su tara gaban taro, su durƙusa a kan tsakuwa, hedimasta ya ce, "Ku kalle su da kyau, su ne suka sa kuke zama a ƙasa." Idan an tashi, 'yan ajinsu su raka su da jifa.

A sati na huɗu yarinyar nan marar magana ta tsaya a gabana, gwiwoyinta duk sun ɗaye.

"Malama, don Allah ki sa hannun, in huta."

Ranar na fara jin muryarta. Na ce ta koma ta zauna. Ta koma ta zauna a ƙasa.

A gida mahaifiyata tana miƙo min ruwan ɗumi tana faɗa. "Ke 'yar nan, ke kika haife su? Ji muryarki kamar tsohuwar ƙofa."

A sati na shida muryar ta ɗauke gaba ɗaya. Likita ya ba ni hutun kwana uku. Cikin kwana ukun aka ba malamin lissafi riƙon ajina, ya sa hannu sau tara kafin a buga ƙararrawar tashi.

Bayan jarrabawa aka kawo benci arba'in, aka yi rufi, kowa yana sa wa hedimasta albarka. Ban je na ba shi haƙuri ba, ko da ya aiko a ce in je.

Muryata ba ta dawo daidai ba, 'yan layin baya ba sa jina. An rubuta taurin kai a fayil ɗina, ƙarin girma ya wuce ni sau biyu. Yaran kuwa an kore su duk da haka, bayan sun yi sati shida a kan tsakuwa saboda ni.